Barau Injiniya da Motar Goggo

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, kowa a Jega sai da kafaɗarsa ta ƙara faɗi. Mai faci ya koma manaja, mai wankin hula ya koma darakta. Mu da ke zaman bencin Buba mai shayi a bakin tasha, mu ma mun fara tafiya muna ɗaga haɓa, sai ka ce da hannunmu muka zana taswirar. Amma a cikinmu duka babu wanda abin ya hau wa kai kamar Barau mai walda. Ya sauke tsohon allonsa na katako, ya yanko faifan ƙarfe mai faɗin ƙyauren zaure, ya sa aka rubuta da jan fenti: BARAU INJINIYA, JEGA, JIHAR KEBBI. BABU ƘARFEN DA YA GAGARE MU.

Maganar gaskiya, Barau ya iya walda. Ƙofa, taga, gado, bodin mota, in ya liƙa maka sai dai jikokinka su gada. Ciwonsa ɗaya ne, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Kusa da rumfarsa akwai Tamu, wani dattijo mara hayaniya da ke narka sanholo, farin ƙarfen nan mara nauyi, yana zubin tukwanen girki da ludaya. Barau ba ya kiransa da komai sai "injiniyan mata".

Wata Laraba da hantsi motar albasa ta tsaya a gaban rumfar, Alhaji Ɗalha na Aliero ya diro daga gaba. Shi babban ɗan kasuwar albasa ne mai kai kaya Ikko, kuma taubashin Barau, don uwarsa Goggo Tasalla ƙanwar mahaifin Barau ce. Mutum huɗu suka sauko da wani abu daga saman buhuna: ƙafa huɗu ƙanana, kujera, sitiyari, da 'yar rumfa a sama. Ƙugunta na hagu ya zube ƙasa.

Barau ya zagaya ta ya ce, "Taubashi, wagga mi ta? Amalanke ta ko kujerar aski?"

"Mota ta," in ji Ɗalha. "Gwanjonta anka yi can Ikko. Turawa ka hawanta cikin wani hili mai ciyawa, suna bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta hwaɗa rami."

Buba ya ajiye butarsa. "Manya da gemunsu?"

"Da gemunsu."

"In ta hwaɗa ramin sai mi?"

"Sai su hiddo ta su sake bugawa."

"Allah shi kyauta," in ji Buba.

Don Goggo aka sayo ta. Shekara arba'in ke nan, duk lokacin cirar albasa ita ke zama a bakin gona tana zaɓen wadda za a ajiye don iri, da hannunta, tun mijinta na raye, ba ta taɓa fashi ba. Yanzu gwiwa ta ƙi. Hanyar fadamar siririya ce, babbar mota ba ta shiga. Jaki ya taɓa kayar da ita, ta yi fushi da jakai duka. Babur kuwa ta ce ba ta hawan abin da ba ya iya tsayuwa da kansa. Wannan 'yar motar kaɗai ta yarda da ita, ga shi ɗan kunnen ƙarfen da ke riƙe sifirin a jikin shasi, wato ƙashin motar, ya tsage, tsawon ɗan yatsa, kuma ranar Lahadi za a fara cira.

"Mi ya karya ta?" in ji Barau.

"Wani ya aza mata buhu biyar."

"Wani wa?"

"Wani dai," in ji Ɗalha, yana kallon sama. "Kai dai in ba ka iyawa, hwaɗi, in wuce da ita Birnin Kebbi. Goggo ta ce in ba ta je gona bana ba, kada kowa ya sake kiranta uwa."

Ita Goggon nan ita ta raini Barau bayan rasuwar mahaifiyarsa, amma rabonsa da ya taka Aliero ya gaishe ta an yi shekara biyu, kullum sai ya ce aiki ya yi yawa. Ba wannan ne ya sosa shi ba. Kalmar "in ba ka iyawa" ce, a gaban jama'a, a ƙarƙashin sabon allo. Ya dafa ƙirji ya ɗaga murya yadda har mahautan tsallake za su ji.

"Birnin Kebbi? Ina raye? Jama'a ku shaida! In motar ga ba ta kai Goggo gona ranar Lahadi ba, ni Barau, ni za ni goya ta a bayana, daga ƙohwar gida har bakin gona, kullum, har a ƙare cira!"

Muka haɗa baki muka ce mun shaida. Shaida ai ba ta da nauyi a wurin ɗan benci.

Ɗalha na tafiya, Tamu ya matso da ɗan mayen ƙarfe a hannu. Ya manna shi a jikin shasin, ya saki, mayen ya faɗo ƙasa. Ya ce, "Barau, wanga ba ƙarhen da kas saba da shi ba na. Sanholo na, irin na tukwanena. Kar ka sa mai wuta. Samo 'yan hwaya-hwayan ƙarhe biyu, ka rungume wurin ciki da waje, ka ɗaure da noti huɗu. Kahin la'asar ka ƙare."

A cikin ransa Barau ya ga hankali a maganar. Da a mafarki ta zo masa, da ya bi ta. Amma daga bakin Tamu ta fito, kuma kunnuwa goma sun ji.

"Ku ji mini mai tukwane! Noti huɗu! Mota ta taso tun daga Ikko, in ɗaura mata noti huɗu awa mai gyaran keke? Koma ga ludayinka, baba."

Mu ma, Allah ya yafe mana, Tamu muka yi wa dariya.

Barau ya tayar da janareta, ya rufe fuska da baƙin gilashi, ya ɗora sandar walda. Tartsatsi ya tashi, ƙara ta cika tasha, mu muna ta "Sai injiniya!" Da ya ɗaga gilashin ya ɗan ƙwanƙwasa wurin da guduma, sai waldar ta zubo ƙasa dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki. Ya sake, ta sake zubowa. Karo na uku ba ta ma jira guduma ba.

"Wuta ta ba ta da ƙarhi," in ji shi, yana harar janareta. "Aikin ga na gas na."

Aka jawo tukunyar gas, ya kunna, ya daidaita harshen wutar har ya yi shuɗi. Tamu daga rumfarsa ya ce, "Mi kaka jira?"

"Shi yi ja mana. Kowane ƙarhe sai ya yi ja kahin shi narke. Haka Allah ya yi shi."

"Wanga ba ya ja. Yana hwari, yana hwari, sai ka gane shi ƙasa."

"A garinku!"

Muka durƙusa kewaye da shi, manyan mutane masu iyali, muna leƙen ƙasan mota muna jiran ja. Gambo mahauci ya yi ihu, "Ya hwara!" Ashe jar hular Buba ce ke haskawa a jiki. Barau ya ƙara matso da wuta. Ƙarfen yana nan fari tas, ko gezau, sai kawai ya yi wani ɗan ƙyalli, ya lotsa, ya zubo ƙasa tsulum. Tsagar da ba ta wuce ɗan yatsa ba ta koma giɓin da kan rago zai shiga. Kunnen sifirin ɗin ma gaba ɗaya babu shi.

Barau ya ƙura wa giɓin ido. A karo na farko ya tuna Goggo, ya kuma tuna nisan gonar. Amma da ya ɗago, cewa ya yi, "Madalla. Da gangan nib buɗe wurin. Ciwon ya yi nisa ciki, ku ba ku gani."

Muka gyaɗa kai, har da masu cewa dama sun lura. Tamu ya jira abin ya huce, ya ɗauki dunƙulen da ya zuba, ya jinjina shi a tafin hannu ya ce, "Ludayi guda." Ya jefa a aljihu ya koma.

Ranar Alhamis Barau ya hau motar haya zuwa Maiyama, inda wata tsohuwar motar itace ta mutu a bakin hanya tun kafin a yi jiha. Ya kwanto sifirin ɗinta biyu da dogayen ƙarafa huɗu. Da mutanen wurin suka tambaye shi me zai yi da su, maimakon ya ce gyara ya ja bakinsa, sai ya ce kwangila ce daga Ikko, motar Turawa ce da ta gagari injiniyoyin Kudu, duk mai son ganin abin mamaki ya zo Aliero ran Lahadi. Mutanen Maiyama ba sa ƙin gayyata.

Tun da walda ta ƙi, sai ya koma huda. Ya dinga huda shasin yana ɗaura ƙarfen motar itace a kan giɓin.

"Ashe an dawo ga noti," in ji Tamu.

"Naka huɗu na. Nawa ashirin da biyu. Nan ka gane bambancin injiniya da mai tukwane."

Tamu ya durƙusa. Ya shimfiɗa buhu a ƙasan motar yana tare garin sanholon da ke zubowa.

Da aka sauke ta daga kan duwatsun da aka ɗora ta a kai ranar Juma'a, sai ta karkace hagu, don nauyin gefen ya ninka. Buba ya ce, "Injiniya, ta yi kwanciyar mai ciwon haƙori." Barau ya ce ai rabin aikin ke nan, ya ɗaura ɗaya sifirin ɗin a dama. Ta daidaita, amma yanzu baya ya rinjaya, ƙafafun gaba suka ɗaga sama suna lilo. Ya duba rumfarsa, ya ciccibo guntun ƙarfen layin dogo da yake daka a kai, ya ɗaure mata a hanci. Gaba ya sauko. Sai tsakiya ta fara lanƙwasa a hankali, tana wani ɗan kuka ƙi-ƙi-ƙi ko ba a taɓa ta ba. Tamu ya leƙa buhunsa ya ce, "An kai murhin tukunya."

Ranar Asabar Barau ya zagaye kasuwa neman faifan ƙarfe mai kauri da zai tallafe cikinta, bai samu ba. Ya dawo ya tsaya a gaban rumfa yana share zufa, ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan allon. Ya daɗe yana kallo. Bayan azahar muka ga ya kafa tsani.

"Lahiya, injiniya?"

"Henti za a sake mai. Ja ba ya hita da kyau."

Ya kife allon, rubutu na kallon ƙasa, ya ɗaure shi a cikin motar da ƙarin noti goma, ya bi komai da koren fenti. Mun ga abin da ya yi sarai. Babu wanda ya tanka, don kowa ya riga ya shirya zuwa Aliero.

Mutum huɗu suka sauko da ita ran Laraba. Ran Lahadi da safe sai da mutum goma sha biyu da katako biyu suka ɗora ta. Direban ya tambaya ko mota biyu ce aka haɗe.

A Aliero, ƙofar gidan Goggo ta cika. Ga mu 'yan Jega, ga 'yan Maiyama mota guda, ga masu cirar albasa, ga Tamu can baya da buhu a naɗe a hammata. Goggo Tasalla na zaune a tabarma, 'yar tsohuwa ƙarama, sanda a gefe. Barau ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wane baƙo na wanga? Kamar na san shi."

"Ni na, Goggo, Barau."

"Af, kana duniya ashe." Ta juya ga motar. "Wagga kuwa ba tawa ba ta. Tawa ba ta da ƙiba haka."

"Goggo, yanzu tas samu lahiya. Da can kwali ta. Yanzu ko buhu ashirin Alhaji yas sake aza mata, ba ta ji."

Ɗalha ya yi tari. Barau ya miƙa hannu zai tallafe ta ta shiga, ta janye.

"A'a. Hwara shiga, ka kai ta bakin yashin can ka dawo. Na tsuhwa, amma ban gaji da duniya ba."

Barau ya gyara hula ya zauna, ya taka. Ɗan injin ya yi nishi, ya yi tari, ya sake nishi, motar ta motsa. Jama'a suka ɗauki sowa. A kan tsandauri ta tafi, tafiyar tsohon jaki dai, amma ta tafi, Barau yana ɗaga mana hannu ɗaya. Yana hango kansa yana mayar da allo, yana ƙara masa layi na uku.

Sai ga yashi. Ƙafafun nan ƙanana suka nutse har rabi. Ya ƙara takawa, injin ya yi kururuwa, baya na turawa, gaba ya kafe. Ramukan nan talatin da biyu da ya jera a shasin suka haɗa kai lokaci guda. Muka ji ƙas! Motar ta durƙusa a tsakiya kamar raƙumin da za a sauke wa kaya, rumfar ta kifo masa a ka, Barau ya samu kansa zaune a yashi, gwiwoyi a kunne, sitiyari a hannu. Allon ya fizge daga ƙasa, ya yi tsalle gefe, ya juya, ya kwanta rubutu na kallon sama.

Ɗalha ya tako a hankali, ya saka tabarau, ya share yashin da gefen takalmi, ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma, yadda ake karanta wasiƙa ga wanda bai yi boko ba: "Babu... ƙarhen... da ya... gagare mu."

Wani dattijo daga Maiyama ya ce, "Ai bai yi ƙarya ba. Ga shi ya kashe wanga har lahira."

Dariyar da aka yi, har masu ban-ruwa a fadama sai da suka kashe inji suka leƙo. Mu da muka yi kwana huɗu muna "Sai injiniya", mu muka fi kowa faɗuwa ƙasa. Tamu kaɗai bai yi dariya ba. Ya warware buhunsa yana tambayar Ɗalha ko akwai mai son gawar.

Barau ya rarrafo ya fito, ya je gaban Goggo yana kakkaɓe riga. Muryarsa ta koma ƙarama. "Goggo, bari in nemo amalanke mai kyau, in shimhiɗa miki katihwa..."

"Ni buhun albasa ta?" Ta dubi jama'a. "An ce mini wani ya yi alkawari a Jega. Akwai shaidu?"

Muka dubi juna. Muka ce, "Mun shaida."

"To, durƙusa. Kuma a kawo majanyi. Ni ban taɓa goya ka ba majanyi ba."

Haka aka yi. Ƙato mai gemu, injiniyan jihar Kebbi, ya durƙusa a gaban garuruwa uku, mata suka ɗaura masa zane a ƙirji suka tamke da majanyi suna guɗa. Ya tattara ƙarfinsa ya yunƙura, sai ya kusa kifawa, don babu nauyin da ya zata. Goggo ba ta kai sifirin ɗaya na motar itacen nan ba. Ƙashinta yake ji a bayansa, ɗaya-ɗaya. Yaushe ta koma haka? Shi dai da ƙarfinta ya san ta, tana ɗaukar buhu ita kaɗai. Kunyar jama'a ta gushe masa, wata kunyar da ta fi ta zafi ta maye gurbinta.

Suka kama siririyar hanyar, mu muna biye. Ta sa baki kusa da kunnensa.

"Hanyar ga nika bi da kai. Kai a baya, Ɗalha a hannu, tulu a kai. Tun kana goye bakinka ba ya rufuwa. Kai hagu, akwai rami."

"To, Goggo."

"Shekara biyu, Barau. Jega zuwa Aliero."

Ya dinga jan hanci. Da Buba ya matso yana leƙen fuskarsa, sai ya ce albasa ce ta shiga idonsa, alhali ko ɗaya ba a cire ba tukuna.

Ya sauke ta a bakin gona. Ta zauna ta miƙe ƙafa, aka fara zube mata albasa a gaba, tana ɗauka tana matsawa tana shinshinawa, wannan dama, wannan hagu, kamar kowace shekara.

Kwana tara aka yi ana cira, kwana tara Barau na hawo motar farko daga Jega. A rana ta uku an daina fitowa kallo. A ta biyar shi da kansa yake ɗaura majanyin. Tamu kuwa ya fitar da tukwane goma sha ɗaya daga motar Turawa, ya aika wa matar Barau da ɗaya, har da murfi da ludayi. Allon bai koma sama ba. Yau in ka kai wa Barau gyara, ɗan mayen ƙarfe zai fara cirowa daga aljihu, in ya faɗo sai ya nuna maka rumfar Tamu da haɓa. Kuma labarin nan shi ya fi kowa iya ba da shi a bencin Buba, har da kwaikwayon kukan shasin.

A rana ta tara, suna dawowa daga gona, Ɗalha ya tare su a ƙofar gida ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. In na koma Ikko za ni nemo miki wata kahin baɗi."

Goggo ta leƙo ta kan kafaɗar Barau ta ce, "Kar ka wahal da kanka. Wagga ta hi. Ba ta shan mai, kuma in na yi magana tana amsawa." Ta ɗan bubbuga bayansa. "Baɗi ka zo da wuri."

Barau ya buɗe baki, muka zuba kunne mu ji rantsuwa. Ya rufe shi. Ya ce, "To, Goggo."